Ranar da Katafilar Lawali Ta Mutu a Kan Digi

In ka shiga unguwar Saga a Yamai kana cigiyar Lawali, kada ka wahalar da kanka da sunan ubansa. Ka ce Lawali Katafila, ko matan da ke sussukar shinkafa sai su nuna maka. Gajere ne kakkaura, wuyansa kusan ɗaya da kansa, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar inji. Shi ya sa in yana gaishe ka sai ka zaci faɗa ya zo yi. Ba faɗa ba ne, muryarsa ce ba ya ji.

Bagobiri ne, daga wani ƙauye a bayan Tibiri. Ba son birni ya kawo shi Yamai ba, gero ne ya yi ta ƙi har gidansu aka rasa abin ɗorawa a wuta. Ya yi dako a kasuwar Katako, ya yi gadin shago, daga nan ya faɗa wani garaji na manyan injuna a bakin hanyar Dosso, inda aka fara ba shi wankin ƙarafa da gazuwal, wato man dizal. Bai taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko. Da ido ya koya, da kunnen da ya rage masa, da kuma bayan hannu: sai ya ɗora shi a kan tiyo ya gaya maka ko ruwa na zagawa ko ya tsaya. Ana haka har ya hau kujerar katafila, kuma tun da ya hau bai sauko ba har furfura ta cika masa gemu. Shi ke tuƙa ta, shi ke gyara ta.

Kai, mutumin nan ya tura ƙasa a garin nan! Akwai titunan da in ka bi su yau a taksi, shi ya fara share su suna daji. Akwai benaye a Gaweye da shi ya daddale musu fili, benayen da ko leƙawa maigadinsu ba zai bar shi ya yi ba. Amma shi kansa a ɗakin haya yake kwana a Maourey, shi da matarsa Balkissa da ƴarsu, bana nan, baɗi can. Mai gidan zai aurar da ɗa, a ce su tashi. Mai gidan zai rushe ya yi shaguna, a ce su tashi. Abin yana cin Lawali ƙwarai, ko da yake ba mai faɗin irin wannan ba ne.

Balkissa Bazabarma ce, ƴar Saga, kopto take sayarwa, wato kwaɗon zogale. Da mahaifinta ya rasu aka raba gado, sai ta tashi da wata ƴar guntuwar ƙasa a bayan digi, doguwar ganuwar ƙasan nan da ta raba kogin Isa da gonakin shinkafa da gidajen mutane. Wurin kwari ne, kowa ya sani. Lawali ma ya sani, ya ce ai ga digi.

Da hannunsa ya gina gidan. Tubalin ƙasa ne, shi da Balkissa suka riƙa buga su ranakun Lahadi. In an gama aiki a shantiye, wato wurin gini, an bar guntun dutse, ko ragowar simintin da ya fara daskarewa, sai ya roƙa ya kawo a amalanke. Ɗaki ɗaya suka fara shiga, babu ƙyaure sai labule. An kwashe shekaru kafin na biyu ya tashi, sannan wani ɗan mitsitsin zaure, sannan aka shafe fuskar gidan da siminti. Daga wannan gida aka ɗauki ƴarsu Nafissa zuwa ɗakin mijinta, kuma wallahi babu abin da Lawali yake alfahari da shi kamar wannan, cewa ba daga gidan haya aka ɗauke ta ba. Gonar Gobir ƴan'uwa sun daɗe da rabewa. Babu ofishin da zai tuna da shi in ƙarfinsa ya ƙare. Duk ƙasar da ya tura a duniya, ɗakunan nan biyu da zaure ne kawai suka zama nasa.

Maƙwabcinsa Abdou manomin shinkafa ne, Bazabarme, saboda haka tsakaninsu sai wasan taubasai. Da safe Abdou zai leƙo ta katanga ya ce, “Bagobiri, har yanzu kana cikin wannan akurkin?”

Lawali ya ce, “Ɗakin bayi ne. Kai na gina wa, ka ƙi tarewa.”

Haka suke kullum, sai Balkissa ta kore su da tsintsiya.

Katafilar da yake tuƙawa a baya-bayan nan ta Alhaji Nassirou ce, wani ɗan kwangila mai ƙaramin ƙarfi. A hannun wani kamfani da ya gama aikinsa ya tattara ya tafi ya saye ta, ta riga ta tsufa, kuma ba ta daɗe a hannun Lawali ba. Ƙarfi kam tana da shi. Ciwonta ɗaya ne, zafi. In aiki ya yi nauyi sai allurar da ke nuna zafin inji ta kama hawa, har ta doshi ja. Lawali ya gane abin tun da wuri. Radiyata, tukunyar da ke sanyaya ruwan inji, ta sha ruwan kogi da na rijiya shekara da shekaru, laka da tsatsa sun toshe rabin jijiyoyinta daga ciki. Maganin shi ne a sauke ta, a kai garaji, a buɗe, a tsokace jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, aikin kwanaki. Ya gaya wa Alhaji, ya sake gaya masa.

Alhaji ya ce, “Lawali, bari damina ta wuce. Yanzu lokacin aiki ne.”

Damina ba ta wuce ba sai da ta yi abin da ta zo yi. Shekarar nan sama ta buɗe a watan Agusta ta ƙi rufewa. Jan ruwa ya sauko, ruwan daminan nan mai launin kunun kanwa da ke cika Isa farat ɗaya, ya hau, ya hau, har mai tsayuwa a kan digi in ya sunkuya zai iya wanke hannu. A wata kwana, daidai saitin unguwarsu Lawali, digi ta fara gumi ta baya. Gumi ya zama tsatsa, tsatsa ta zama tsaga. Hukuma ta ba Alhaji Nassirou aikin toshe wurin. Tsarin ba wuya: motocin ben, manyan nan masu juye kaya, su kawo jar ƙasa, su hau digi da baya, su juye, katafila ta tura ƙasar zuwa wurin tsagar ta danne. Sai dai saman digi faɗin mota ɗaya ne kacal. Hannun dama kogi, hannun hagu gangare da gonaki.

Ranar da za a fara, tun bayan asuba unguwa ta rikice. Amalanke na shiga, amalanke na fita, katifu a ka, awaki na kuka, kowa na kai kayansa tudu. Lawali ya fito daga ɗaki ya tarar Balkissa ta shimfiɗa zannuwa a tsakar gida tana ɗaure kaya.

Ta ce, “Baban Nafissa, mutane fa suna kwashewa. Na yi magana da mai amalanke.”

Ya tsaya yana kallon ƙunshin kayan nan, ransa ya ɓaci har wuya. Ya ce, “Su ba su da miji a kan digi. Kwance.”

“To in abin ya zo fa?”

“Ni ne a kan katafila, ba wani ba. Kin ɗaure kaya a Maourey har kin gaji. A gidana ba za ki ɗaure ba. In aka ga matar mai katafila tana gudu, wa zai tsaya? Kwance, na ce.”

Ta dube shi, ta dubi kayan. Ta durƙusa ta fara kwancewa. Mai amalanke da ya zo ta ba shi haƙuri.

Da hantsi aiki ya kankama. Mutanen unguwa sun cika gangaren digi da buhunan yashi, in katafila ta wuce sai su ɗaga hannu su ce, “Fonda goy!”, wato sannu da aiki. Ba a je ko'ina ba allura ta fara halinta. Jar ƙasar jiƙaƙƙiya ce, nauyinta ya ninka, katafila na gurnani tana turawa, allura na hawa. Da ta taɓa ja, Lawali ya ja baya zuwa inda digi ta ɗan yi faɗi, ya bar injin ya huce, ya sauko.

Ya bi ta yadda ya saba, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe murfin radiyata a hankali, ruwa ya ragu, aka ƙara. Robar murfin ta cinye, ba ta riƙe numfashi, ya yanko tsohon tib na babur ya yi mata sabuwa. Ya danna igiyar fanka da babban yatsa, ta saki, ya ɗaure ta. Ya leƙa fuskar radiyatar, ai kuwa ƙaiƙayin shinkafa da laka da mai sun manne ta kamar daddawa, iska ba ta ratsawa. Abdou ya ruga ya jawo injin ban ruwansa, aka feshe ta har aka fara hango haske ta cikinta. Ya zaro sandar auna mai ya duba ko man ya yi fari, alamar ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Baƙi ne ƙirin, ya ce alhamdu lillahi.

Abdou ya ce, “Bagobiri, jakarka ta warke?”

“Ta warke. Kauce kar ta shure ka.”

Ba ta warke ba. Ta yi aiki na ɗan lokaci, allura ta koma gidan jiya. Lawali ya ɗora bayan hannu a kan radiyata, sama kamar garwashi, ƙasa da sanyi-sanyi. Toshewar ciki ce, wadda babu mai iya taɓa ta a kan digi. Ya kira Alhaji a waya, yana ihu saboda kunnensa, ya ce a nemo wata katafilar.

Alhaji ya ce, “A ina? Duk injin da ke da rai a garin nan yana bakin ruwa. Lallaɓa ta, Lawali, don Allah lallaɓa ta.”

Lallaɓawa kuwa ita ce ka tura kaɗan, ka ja baya, ka zauna kana kallon allura tana saukowa a hankali, mutane suna kallon ka kana zaune. Motocin ben sun yi layi, direbobi na danna oda. Abdou ya kafa kara a bakin ruwa ya yi masa shaida da wuƙa, kafin azahar shaidar ta nutse. Tsagar ta ƙara baki. Daga kujerar katafila Lawali yana hango kwanon rufin gidansa, can ƙasa, da kan zogalen da ke tsakar gida. Hutun da injin ke nema, kogi ba ya ba shi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba a kan aiki.

A nan ne ya yi abin da kowane makanike a Yamai zai yi, abin da shi kansa ya yi ba adadi. Akwai wani ɗan ƙarfe a wuyan inji, bai fi tafin hannu ba, ana ce masa kalorsta. Shi ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanyar zuwa radiyata. A garajojin garin nan tun kana wanke ƙarafa ake gaya maka cewa wannan na ƙasar Turawa ne, inda sanyi ke daskarar da ruwa. Mu da rana ke dafa mu, me za mu yi da shi? Mota ta sauko daga Kwatano, kafin a sa mata lamba an cire shi an yar. Kuma galibi a ƙananan motoci ana wucewa lafiya, shi ya sa babu mai musu. Lawali ya tuna cewa wannan katafilar daga hannun kamfani ta fito, watau nata yana nan. Har wani daɗi ya ji, ya ce ga ɓarawon.

Ya kwance kusoshi, ruwan zafi na tsiyaya a kan takalminsa, ya zaro ɗan ƙarfen ya ɗaga wa mutane. “Ga abin da ya shaƙe ta!” Ya wurga shi cikin kogi. Aka yi shewa. Aka jera bokitai aka cika ta da ruwa.

Wayyo, da ma hannunsa ya karye kafin ya kai ga kusoshin nan. A irin wannan babban inji, aiki biyu ɗan ƙarfen yake yi. In ya buɗe hanyar radiyata, da gindinsa yake toshe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji kai tsaye. Ka cire shi, ka bar hanyoyi biyu a buɗe, ɗaya gajeriya a wangale, ɗaya doguwa kuma a toshe da laka. Ruwa ba wawa ba ne, gajeriyar ya bi. Ya riƙa zagawa a cikin injin yana tafasa, radiyata kuwa sai ɗan abin da ya ɓace hanya. Lawali bai sani ba. Waɗanda suka koya masa ma ba su sani ba.

Da farko kamar an dace, don injin ya huce lokacin da ake kwance-kwance. Ya shiga aiki da zuciya ɗaya, ya daina ja da baya. Hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Allura ta tashi, wannan karon da sauri, ta shige ja. Yana gani. Amma ga tulin ƙasa a gabansa, ga tsagar saura ƙiris, mutane a cikin laka har gwiwa suna yi masa ihu ya taho. Ya ce a ransa wannan turin kawai, sai in huta da ita. Ya tura. Ya ce saura ɗaya. Robar tib ɗin da ya yi wa murfi ta saki, ruwa ya riƙa tsartuwa ta ƙasa, ruwan sama da hayaƙi suka rufe tururin.

Sai allura ta fara saukowa da kanta.

Mutumin da ya yi furfura a kan inji ya san ma'anar wannan. In ruwa ya ƙare ƙaf, abin da ke auna zafin ba ya samun abin taɓawa, sai allura ta faɗi. Ya sani sarai. Amma a wannan lokacin yana hango rufin gidansa, sai ya zaɓi ya yarda cewa ta huce ne. Ya ƙara mata wuta. Injin ya yi wani ƙara kamar ana daka ƙarfe a turmi, ya yi tari, ya tsaya cak. Wari ya tashi, warin man da ya ƙone.

A mafi ƙuncin wuri ta mutu, tsakanin motocin ƙasa da tsagar. Ya murɗa makulli, ko motsi. Injin ya cije.

Katafila ba mota ba ce da samari za su taru su tura. In injinta ya mutu, sarƙoƙin ƙafarta a ɗaure suke. Aka ɗaura mata sarƙa a jikin wata ben cike da ƙasa, aka ja, sarƙar ta tsinke ta kusa raba wani da ƙafarsa. Aka sake, tayoyin ben suka tona rami a digin da ake son ceto, aka ce a bari. Ga ƙasa mota-mota a tsaye, ga wurin da ake buƙatarta ana hango shi, ga katafila a tsakiya ta toshe hanya. Mutane suka koma ɗiba da kwanon sarki da buhu, suna raɓawa ta gefenta ɗaya bayan ɗaya, suna zamewa. Lawali ma ya ɗauki buhu. Abdou ya wuce shi da kaya a ka, suka haɗa ido, ranar nan babu wanda ya tsokani wani.

Bayan la'asar digi ta tafi. Ba da wata babbar ƙara ba, zama kawai ta yi, sai jan ruwa ya hau kanta ya zuba. Aka watse da salati. Gonakin shinkafa suka shafe nan da nan, daga nan ruwa ya shiga unguwa. Lawali ya ruga zai sauka gangare, maza suka riƙe shi, wani ya yi masa ihu a kunne cewa an ga Balkissa ta fita da gudu tare da mata, tana tudu. Sai ya hau kan katafilar ya tsaya, don daga nan ne ake gani.

Gidan ƙasa ta ƙasa yake mutuwa. Ruwa ya jiƙa gindin bango, bango ya durƙusa, rufi ya biyo shi. Yana kallo na maƙwabta suka riƙa zubewa. Nasa ya ɗan daɗe saboda duwatsun da ya sa a tushe, har ya fara sa rai. Sai zaure ya tafi. Sai ɗakin farko. Fuskar simintin nan ta tsaya ita kaɗai na ɗan lokaci, babu komai a bayanta, sannan ta kifa. Ya yi kuka a gaban mutane, da muryarsa mai ƙarfi, bai ma san ana ji ba.

A wata lakwal da ke kan tudu aka zuba su, gida-gida a cikin azuzuwa, maza a baranda. Babu wanda ya nuna Lawali da yatsa. Wasu sun ce ko da katafila goma digin nan sai ta tafi, kuma mai yiwuwa gaskiya ne, Allah kaɗai ya sani. Alhaji Nassirou bai kore shi ba, cewa ya yi in ya sami wani injin zai neme shi, alhali gemun Lawali ya riga ya yi fari. Da ruwa ya ja aka jawo katafilar zuwa garaji, wani tsohon abokin aikinsa da ya buɗe injin ya zo har lakwal ya yi masa bayanin gajeriyar hanyar nan, a hankali, ba da gori ba. Lawali ya saurara har ƙarshe ya ce ya gode. An kuma sanar cewa kwarin nan ba za a sake barin kowa ya yi gini a cikinsa ba.

Kowa a lakwal ɗin ya rasa gida, amma kowa yana da katifarsa, da tukunyarsa, da akwatin tufafinsa. Balkissa kaɗai ta fito da zanen jikinta da takalmi a hannu. Wata rana da yamma Lawali yana kwance a baranda a ƙarƙashin taga, mata suna girki a ciki, sai wata ta tambaye ta abin da duk suke son tambaya.

“Ke Balkissa, don Allah me ya hana ki kwashe kayanki? Ai na ga mai amalanke a ƙofarki da safen ranar.”

Lawali ya juya kunnensa mai ji wajen taga.

Balkissa ta ce, “Ni ce na yi kasala. Shi tun da asuba ya ce in kwashe, na ƙi ji.”

Mata suka yi mata caa. Wannan ta ce haba, babba da ke. Waccan ta ce kin cuci bawan Allah, yana can yana fama da kogi ke kina zaune. Ita kuwa sai cewa take yi, “Haka ne. Haka ne, na yi wauta.” Lawali ya yunƙura zai tashi ya leƙa ta taga ya ce ƙarya take yi, ni ne. Ya kai zaune. Sai kuma ya koma ya kwanta, yana jin suna ci gaba da yi mata faɗa.

Can an jima ta fito da tuwo ta ajiye a gabansa, ba ta dube shi ba.

Ta ce, “Baban Nafissa, ka ci da wuri. Kwanon na aro ne, masu shi suna jira.”